Tukwane Uku na Malam Shitu

Malam Shitu mai gyaran firji haifaffen Rurum ne, amma a Rano ya yi rayuwarsa, a nan kuma aka binne shi. Shagonsa yana bakin titi, maƙwabcin wani mai faci. Rumfar kwano ce da benci ɗaya, sai matattun firji jingine da bango, wasu ba ƙofa, kaji suna shiga su yi ƙwai a ciki. Gajeren mutum ne marar yawan magana. A tsakiyar tafin hannunsa na dama akwai wani farin tabo, faɗinsa kamar na kwabo. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wuta ce ta ƙona shi, alhali sanyi ne.

A Kano ya koyi aikin tun yana saurayi, shekara bakwai a hannun wani mutumin kudu a Sabon Gari. Da lantarki ya iso Rano sai ya tattara 'yan kayan aikinsa ya dawo kusa da gida. Ya auri Salamatu 'yar Durba, suka haifi Mukhtar da Lami.

Kowane firji yana da gas a cikin bututunsa, shi ne yake zagayawa yana kawo sanyi. A zamanin iri ɗaya aka sani, mai farar tukunya, masu aikin suna ce masa sha-biyu. Ba ya kama wuta, ba shi da wari, ba a taɓa jin ya kashe kowa ba, don haka ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. In aka kawo firjin da ya daina sanyi, Shitu sai ya datse ɗan bututun baya da filaya, ya tara tafinsa a bakin. Gas ya fito da huci, tsss, yana dukan hannun. Daga ƙarfin dukan nan yake gane ciwon. In da ƙarfi ya fito, toshewa ce. In a raunane, to akwai inda yake yoyo. Wasu da geji suke aunawa, shi kuwa hannunsa ne gejinsa. In bututu ya toshe, da gas ɗin dai yake wanke shi, ya buɗe tukunya ya bar shi ya bi ta ciki ya fice sarari. Haka aka koya masa, haka kowa yake yi.

Har gata ya yi da shi. Wata shekara azumi ya faɗo tsakiyar bazara, Salamatu tana da ƙaramin cikin Lami, ga shi kwana uku ba wuta. Dab da magariba ya shigo gida da tukunya a kafaɗa, ya kife ta, ya riƙa fesa gas a jikin kofin silba har kofin ya yi fari fat. Aka kira salla, ta sha, ta lumshe ido ta ce, "Malam, wannan ai ruwan Aljanna ne." Sauran azumin nan duk haka ya yi mata.

Da mulki ya dawo hannun farar hula, aka kuma ƙaddamar da Shari'a, aiki ya buɗe masa sosai. Kansiloli sun sayi firji, matan aure sun shiga sana'ar ƙanƙara da zoɓo, firjin gwanjo sun cika gari, rabinsu kuwa da ciwonsu suke zuwa. Daga Kibiya har Unguwar Gai ana ɗauro masa kaya a bayan babur. Wata ran yakan saki gas sau biyar kafin azahar. A lokacin wa'azi ya yi yawa, ko'ina lasifika, abin da kuma ya fi zama a ransa shi ne maganar haƙƙi: wai abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ana sa ran gafara, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Shitu yana jin wannan hankalinsa kwance. Bai taɓa cire wa kowa kwamfiresa, wato injin firji, mai kyau ya maye masa da matacciya ba, bai taɓa ce wa mai kaya ya sa sabon abu alhali tsoho ya wanke ba.

A shekara ta 2004 ƙungiyar masu gyara ta aiko cewa ana neman su a Kano, bita ta kwana biyu. Suka tafi shi da Ɗanmalam, taubashinsa, mai shago irin nasa a Kibiya. Ɗanmalam tun a hanya ya ce shi shinkafa da kaza ce za ta kai shi. Da aka ci aka ƙoshi, aka rage haske za a nuna hotuna a bango, sai ya jingina da kujera ya yi barcinsa. Shitu bai yi barci ba.

Mai jawabin ya ce can sama, nesa da inda gajimare yake tsayawa, akwai wani lulluɓi, ana ce masa ozon, shi ne yake tace hasken rana ya tare mai cutarwar. Ya ce sha-biyu in an sake shi ba ya ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke shi. A hankali yake hawa, ya je ya riƙa cin lulluɓin nan, yana kuma iya kai shekara ɗari bai ƙare ba. Ya ce ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya za a daina yin sa, za a koma wani mai shuɗiyar tukunya. Sannan ya nuna abin da rana take yi in lulluɓin ya sirance: fata mai gyambo, ganyen shuka a ƙone, sai wani ido da ya cika bangon gaba ɗaya, tsakiyarsa fari kamar an ɗiga nono. Yanar ido ke nan.

Shitu ya san irin wannan idon. A cikin satin nan Salamatu ta zo zuba masa shayi ta zuba a gefen kofi, ta yi dariya ta ce kofin ne ya matsa.

Kafin a tashi aka ce musu kada wanda ya ƙara sakin tsohon gas. A zuƙe shi a tara a tukunya, mota za ta riƙa zagayawa tana karɓa, a kai shi inda ake lalata shi. Aka zagaya da takarda. Shitu ya rubuta sunansa da kwatancen shagonsa da ajami, ya ƙara da cewa kusa da mai faci.

A motar dawowa ya ce wa Ɗanmalam, "Ka ji abin da mutumin nan ya ce kuwa?"

"Na ji an ce a sa hannu a karɓi kuɗin mota. Me ya faru ka yi tsit kamar an aiko ka da saƙon rasuwa?"

"Wai duk wanda muka saki yana nan. Bai tafi ko'ina ba."

"Haba Shitu. Waɗanda suka yi shi suka cika jirgi suka kawo mana ba su ji kunya ba, sai kai da 'yar filayarka? Sama fa da faɗi."

Shitu ya leƙa ta taga. La'asar ce, sama tas, ba ko gajimare. Ya daɗe yana kallonta, shekara kusan talatin na hucin hannunsa suna can wani wuri da ido ba ya kaiwa.

Bayan kwana biyu ya tsaya a masallacin unguwa har mutane suka watse, ya zayyana wa liman komai. Liman ya ce, "Abin da mutum ya aikata bai sani ba, ba a kama shi da shi, Malam Shitu. Amma yanzu ka sani."

"Allah ya gafarta Malam, wajen wa zan je neman yafiya? Ban san idon wa ya taɓa ba."

Liman ya daɗe yana jan carbi. "Wannan kam ban taɓa cin karo da ita a littafi ba. Wanda ya fita ya riga ya fita. Ka riƙe wanda ya rage."

To, abin da Shitu ya yi ke nan sauran rayuwarsa. Ya ɗauki wata tsohuwar kwamfiresa mai sauran rai, ya haɗa mata tiyo biyu, ɗaya yana zuƙowa daga firji, ɗaya yana turawa cikin fankon tukunya. Aikin da a da minti biyar ne ya koma na awa guda, in ba wuta kuma sai a jira. Masu kaya suka yi ta ƙorafi, wasu suka koma wajen Ɗanmalam. Gas ɗin firji ɗaya bai wuce cikin kofin shayi ba, amma a shekara shida Shitu ya cika farar tukunya uku. Ya kai su gida, ɗakin da mahaifiyarsa ta zauna kafin ta rasu, ya jera su a kan katako. Duk Juma'a da hantsi, kafin ya yi wanka, sai ya kaɗa sabulu a ƙoƙo, ya ɗebo kumfa da gashin kaza ya shafa a wuyan kowace tukunya. In akwai yoyo, kumfa za ta kumbura ta yi ƙwai. Ya tsuguna ya zuba ido, sai ya ga ba ta motsa ba sannan ya miƙe.

Salamatu takan ce, "Malam, baƙin naka yaushe za su tafi? Ɗakin nan da gyaɗa na zuba."

"Motarsu tana hanya."

Iyakar abin da ya faɗa mata ke nan, cewa masu bita za su zo su karɓa. Maganar idon da ya gani a bango bai taɓa yi mata ba. Ya kai ta asibiti, aka ce yana ce, a jira ta nuna. Da ta nuna kuma sai tsoron wuƙa ya kama ta, ta ce a bar ta tukuna. A hankali ta koma ba ta ganin komai sai haske da inuwa, tana tafiya tana shafa bango. Duk sanda ta ɗago fuska wajen muryarsa, sai ya sunkuyar da kai, ko da yake ya san ba ta ganin sa.

Motar ba ta zo ba. Sau biyu ya je Kano nema. Karon farko aka ce masu aikin sun tashi daga ginin. Karo na biyu wani ya rubuta masa lambar waya, aka yi ta kira ba ta shiga.

A cikin shekarun nan ne hucin ya fara bin sa. Mai faci ya sace iskar taya, sai Shitu ya zabura. Mai ƙosai ta jefa ƙullu a mai, sai ya waiwaya da sauri. Daga baya ma ba sai an yi komai ba. Yana zaune a benci da rana tsaka, ko yana sahu an yi sujada, sai ya ji shi siriri a can cikin kunne, tsss, kamar a bayan bango. Sau da yawa ya rufe shago ya yi gida da sauri, ya kaɗa sabulu, ya tarar da tukwane lafiya lau. Abin mamaki, kunnen nasa ya yi nauyi da tsufa, sai an ɗaga murya yake jin magana, amma wannan kam ba ya kuskure masa.

Da aka hana shigo da sha-biyu ƙasar, sai ya yi wuya, ya yi tsada. Wata Laraba Ɗanmalam ya zo da babur har gida, ya zauna a soro ya cire hula yana fifita.

"Ina sarkin tsaron tukwane? Akwai masu tsofaffin motoci a Kano, na'urar sanyinsu ba ta shan komai sai sha-biyu. Ka ba ni ukun nan, ka yi wa gidan nan sabon kwano, har ka kai Salamatu asibitin kuɗi."

"In an zuba a motar, ina zai je?"

"Ya yi sanyi mana."

"Bayan wata shida fa?"

Ɗanmalam ya yi dariya. "Ya yoye, su dawo a ƙara musu. Ai cinikin ke nan."

"To ka ji."

"Kai dai tun muna yara haka kake. An ba ka ajiyar ɗan tsako, ya mutu a hannunka don riƙo." Ya mayar da hularsa, ya miƙe, sai kuma ya tsaya a bakin ƙofa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Bari in gaya maka gaskiya, taubashi. Ni da kai ba yara ba ne. Ranar da ka faɗi, za a zo rabon gado, a fito da komai tsakar gida. Mukhtar direba ne, bai san sha-biyu ba, ƙarfe zai gani. Zai kira 'yan gwangwan, su kuwa ba sa ɗora tukunya a sikeli sai sun huda ta. Gatari ɗaya, duk wahalar nan taka ta tashi sama."

Shitu ya san haka ne. Ya taɓa yi wa Mukhtar bayani, Mukhtar ya saurara da ladabi ya ce, "To Baba," irin to ɗin da ake ce wa tsoho. Lami tana gidan mijinta a Kibiya. Daga ranar nan tunaninsa ya koma ɗaya: in ya mutu, wa zai riƙe?

Bazarar 2011 ta zo da zafi ƙwarai. Wata Talata ya dawo cin abincin rana, ya tarar da Salamatu zaune a inuwar ɗakin tukwane tana ɓarar gyaɗa, amma hannunta ya tsaya, ta karkata kai.

"Malam, akwai abin da ke huci a ɗakin nan."

"Me kika ce?"

Ta ɗaga murya. "Na ce wani abu yana huci."

"Ni kullum ina jin sa, Salame. Ba komai ba ne."

"Naka daban. Wannan ni na ji. Tun shekaranjiya nake ji, na ɗauka gara ce a azara."

Ya kaɗa sabulu. Ya shafa a wuyan ta farko, shiru. Ta biyu, shiru. Ta uku, shiru. Salamatu ta shigo tana lalube, ta durƙusa, ta riƙa kai kunnenta jikin tukwanen ɗaya bayan ɗaya. A ta farko, wadda ta fi daɗewa, ta sauko da kanta ƙasa har kumatunta ya kusa taɓa katako.

"Ba a wuya ba ne. Ga shi nan a gindi."

Ya karkata tukunyar. Ƙarƙashinta katakon ya yi baƙin zobe na danshi, gindin kuma ya ci tsatsa yana ɓarewa kamar ɓawon itace. Ya ɗiga kumfa, nan take ta kumbura, ta fashe, ta sake kumbura. Shitu ya tsaya yana kallon zoben nan, sai ya gane. Ruwan sabulunsa ne. Duk Juma'a yana gangarowa daga wuya ya taru a gindi, shi kuwa wuyan kawai yake kallo, bai taɓa goge ƙasan ba. Shekara bakwai yana shayar da tsatsar da hannunsa.

Ba wuta a gari, kwamfiresar zuƙa ba ta da amfani. Sai wata dabara ta zamanin koyo ta faɗo masa: gas daga zafi yake gudu ya nufi sanyi. Ya leƙa waje ya kira Mato, maƙwabcinsu ɗan acaɓa, ya ba shi makullin shago, ya ce ya ɗauko fankon shuɗiyar tukunya da tiyo, ya biya wajen mai janareta ya sayo ƙanƙara manya biyu, kada ya tsaya gaisuwa da kowa. Sannan ya rungumo mai yoyon ya fito da ita tsakar gida, ya kife ta a bakin turmi, gindi sama. Ya yanko guntun robar taya ya ɗora a kan hujin.

"Kawo babban yatsanki. Danna nan. Kada ki ɗaga, ko ya yi sanyi."

Ta danna. Suka zauna cikin rana su biyu, shi yana riƙe da tukunya kada ta faɗi, ita tana toshe da huji. Zufa tana bin fuskarta.

"Malam, shekara bakwai ban tambaye ka ba. Yau yatsana yana ciki, sai ka gaya mini. Mene ne a tukunyar nan da ya hana ka sukuni?"

Sai ya faɗa mata duka. Lulluɓin da ke sama, da shekara ɗari, da idon da ya cika bango, da shayin da ta zuba a gefen kofi a satin. Ya yi maganar yana kallon ƙasa.

Ta ce, "Wato duk shekarun nan kai gani kake kai ka makanta ni?"

"Ban sani ba. Shi ne abin. Ban sani ba."

"Kakata a Durba da yana ta rasu, ba ta taɓa ganin firji ba, randa ce firjinta. Innata ma ta yi. Namu na gida ne, Malam, kada ka yi mana ƙwace."

"In ba naki ba, na wani. Wani yana can wata ƙasa, ko ba a ma haife shi ba tukuna."

Ba ta musa ba. Ta gyara zama, ta sauya yatsa da sauri ba tare da robar ta motsa ba. "Ka tuna azumin cikin Lami? Kofin silba?"

"Shi na fi tunawa."

"To ni na sha ruwan. Kwana nawa ina sha ina sa maka albarka. In da haƙƙi a ciki, da ni aka ci. Me ya sa ka ɗauka kai kaɗai?"

Kafin ya amsa Mato ya iso. Shitu ya farfasa ƙanƙara a baho, ya watsa gishiri, ya nutsa fankon a ciki, ya haɗa tiyo tsakanin tukwanen biyu ya buɗe. Tiyon ya yi sanyi a hannunsa, ya ji gas yana gudu a ciki kamar jini a jijiya. Sai da aka kira la'asar sannan ya tsaya. Ya ɗaga sabuwar ya jijjiga, ya auna nauyinta da hannu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Firji talatin ke nan ko fiye, da ya zauna awa-awa yana zuƙewa. Ya ɗaga kai sama, ya sauke.

Salamatu tana hura yatsanta da ya yi fari. Ya ce mata, "Wannan na kama. Ranar da ba na nan fa? Ɗanmalam ya ce rabon gado za a yi, a kira 'yan gwangwan."

"Ɗanmalam ya manta da ni a lissafinsa. Ba mace tana da tumunin takaba ba?"

"Tana da shi."

"To a sa mini su a cikin tumunina. Abin da ya zama nawa, ba mai kai masa gatari."

"Za su rage miki rabo, Salame. Abin da ba ci ba sha."

"Ka ji mutum. Shekara bakwai suna cin ɗakin gyaɗata, yau ne za ka ji tausayina? Ka dai daina jiƙa su. Kunnena ya fi kumfarka."

Washegari ya kankare gindin sauran biyun, ya shafa musu jan fenti, ya sauya katako. Bai ƙara kai ruwa ɗakin ba. Duk Juma'a da hantsi sai ya riƙo hannunta su shiga, ya rufe ƙofa, ya tsaya yana kallon fuskarta tana bin tukwanen da kunne. In ta ce, "Shiru," sai ya tafi wanka. Hucin da ke kunnensa bai daina ba, amma ya daina rufe shago ya yi gida a guje. Bayan kaka ta yarda aka yi mata aiki a ido ɗaya. Da aka cire bandeji ta dube shi ta ce ashe haka ya tsufa ba wanda ya gaya mata.

Malam Shitu ya rasu da damina a 2013, bayan jinyar kwana tara. Da aka zo rabo, aka fito da komai tsakar gida kamar yadda Ɗanmalam ya faɗa: kayan shago, da keke, da firiza ɗaya mai aiki wadda Salamatu take ƙanƙarar sayarwa da ita, da tukwane uku, biyu farare ɗaya shuɗiya. Mukhtar ya riga ya yi magana da wani ɗan gwangwan. Malamin da ke rabon ya ce a ganinsa firizar ce ta dace da tumunin mai takaba, tunda da ita take sana'a.

Salamatu ta ce daga bayan labule, "A ba su firizar. Tukwanen nake so."

"Inna, ƙarfe ne fa," in ji Mukhtar. "Me za ki yi da su?"

"Zan ajiye."

Malamin ya sake tambayarta ko ta san abin da take bari, ta ce ta sani. Ɗanmalam, wanda yake zaune a gefe tun safe bai tsokani kowa ba, ya ce, "A ba ta." Shi ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya mayar ɗakin, ya ɗora a kan katako, ya duba gindin kowacce kafin ya fito.

Shagon yanzu mai cajin waya ne a ciki. Motar ba ta zo ba. Duk Juma'a da hantsi Salamatu takan shiga ɗakin ta rufe ƙofa, ta rufe har idon da yake gani, ta durƙusa. Lami ta taɓa zuwa daga Kibiya ta tarar da ita a haka, ta jira ta fito, ta ce, "Inna, bayan ke fa, wa zai riƙe?" Salamatu ta ce mata ta rage murya.

Ran nan tana zaune a tsakar gida, maƙwabciya ta jefa ƙullun ƙosai a mai ta bayan katanga, ya yi tsss. Salamatu ta ajiye tsintsiyar hannunta ta miƙe ta nufi ɗakin, ko da yake ranar Litinin ce.